Takunkumi ba shi ne wulaƙanci ba

Maganar da aka yi jiya a wajen ɗaurin auren nan ta tsaya mini a rai, kuma waɗanda suka halarta sun san wanda nake nufi, ba sai na kama suna ba. Mutum ya tsaya a gaban dattawa yana alfahari cewa a shekarun korona bai taɓa yankar tikitin ƙasar da za a ce ya sa takunkumi ba, har yana ba matasan 'yan kasuwa shawara cewa idan wata annoba ta sake ɓullowa, su fara neman inda babu doka kafin su tambayi farashin kaya. Wannan shawara mai cutarwa ce, kuma ba zan iya yin shiru a kanta ba.

Ƙasar da ta ce ka rufe baki da hanci kafin ka shiga kasuwarta ko masallacinta ta nuna maka cewa ran mutanen da ke cikinta yana da daraja a wurinta, kai baƙo ma kana cikin lissafin. Ku duba Saudiyya, inda zuciyar kowannenmu take son zuwa. A ƙarshen Fabrairun 2020 ta dakatar da shigar masu Umara daga waje, aikin Hajjin wannan shekara aka taƙaita shi ga mazauna ƙasar 'yan kaɗan, a 2021 mutum 60,000 kawai aka amince wa, su ma mazauna ƙasar, sai a 2022 aka buɗe wa maniyyata miliyan ɗaya bisa sharaɗin rigakafi da gwaji da kuma iyakar shekara 65. Ko da aka sassauta dokar takunkumi a watan Yunin 2022, an bar ta a Masallacin Harami da Masallacin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Wane ne a cikinmu ya mayar da kujerarsa a wannan shekara don an ce ya rufe fuska? Tun kafin korona muke ɗaukar katin rigakafin shawara da na sanƙarau zuwa ƙasa mai tsarki, babu wanda ya kira wannan cin mutunci.

Ƙasar da ta ce babu doka kuwa, sau da yawa ba lafiya ce ta samu ba, ƙidaya ce ta daina yi. Tanzaniya ta daina fitar da alƙaluman masu cutar tun a 2020, shugabanta na lokacin John Magufuli ya ce an gama da ita, masu yawon buɗe ido suka yi ta kwarara tsibirin Zanzibar na ƙasar domin babu mai tambayarsu takunkumi. A Fabrairun 2021 Maalim Seif Sharif Hamad, mataimakin shugaban Zanzibar na farko, ya rasu bayan an tabbatar ya kamu da cutar. Wanda ya zaɓi irin wannan wuri ba kansa kaɗai ya jefa cikin haɗari ba, domin idan ya dawo gidan mahaifiyarsa zai fara zuwa gaisuwa, kuma a sahun masallacin unguwa zai tsaya kafaɗa da kafaɗa da tsofaffi masu hawan jini da ciwon suga.

Na san za a ce mini gwaji ya ci kuɗin 'yan kasuwa, kuma wasu dokokin zalunci ne. Gaskiya ne, amma ba maganar da ake yi ba ke nan. A Disambar 2021 Birtaniya ta sa Nijeriya a jerin ƙasashen da ta hana shiga saboda nau'in korona na Omicron, wanda ke da izinin zama sai ya biya fam 2,285 a killace shi a otal na kwana 10, sannan bayan 'yan kwanaki ta janye dokar. A Afrilun 2020 an fitar da 'yan Afirka daga gidajen haya da otal a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, ciki har da 'yan kasuwarmu, suka kwana a titi. Wanda ya guji waɗannan wurare a lokacin yana da hujja, domin dokar ta ware wasu mutane ne saboda inda suka fito. Takunkumi bai ware kowa ba, ɗan ƙasa ya sa, baƙo ya sa, attajiri da ɗan dako duk sun sa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda muka ɗauki rufe fuska tamkar baƙon abu. Sarakunanmu suna rufe baki da amawali, Buzaye suna naɗa rawani har hanci, kuma da zarar hunturu ya kama, direbobin adaidaita sahu a Kano su ke fara sayen takunkumi saboda ƙura. Mahaifiyata, Allah ya ƙara mata lafiya, duk lokacin da ta dawo daga Makka sai ta yi makonni tana fama da tari, amma zuwan da ta yi da takunkumi ta dawo da muryarta garau, kuma har yau akwai guda biyu a jakar da take ajiye carbinta da fasfo.