Ka durƙusa kafin ka raɗa wa ciyawa suna

Wani abokina da ke karatu a Sifaniya ya turo mini hoton wata 'yar ciyawa da ya gani shimfiɗe a kan tsakuwa, fara sol kamar an barbaɗa mata gutsattsarin takarda. Ya ce manhajar wayarsa ta ce Paronychia argentea ce. Ni kuma da gaggawar nuna na sani, na ce masa haka ne. Bayan kwana uku ya komo da wani hoton, wannan karon ya kara gilashin ƙara girma a bakin kyamara. Ina dubawa na ga ashe Paronychia capitata ce. Kunya ta kama ni, don ni ne na buga wa kuskuren hatimi.

Tun ranar nake faɗa, kuma ina nan a kan bakana: hoton da aka ɗauka a tsaye ba ya isa a raɗa wa waɗannan tsirrai suna. Kama da wane ba wane ba ne.

Ga wanda bai san su ba, Paronychia dangi ne na ƙananan tsirrai, nau'insu ya haura 100, yawancinsu ba sa ɗagowa daga ƙasa, sun fi son rairayi da duwatsu da wuraren da ruwa ba ya kwanciya. Philip Miller ne ya kafa sunan dangin a 1754. Kalmar ta Girkanci ce, tana nufin ciwon gefen farce, ɗan-karkare ke nan, saboda mutanen da sun ɗauka ciyawar na maganinsa. Har yau likitoci da wannan kalmar suke kiran ciwon, shi ya sa in ka nemi sunan a intanet sai yatsu masu ruwa su fara tarbarka kafin ka ga ko fure ɗaya.

Matsalar daga nan ta fara: abin da ido ke gani ya ce fure ne, ba fure ba ne. Wancan farin mai ƙyalli wasu siraran ganyayyaki ne marasa tsoka da suka lulluɓe furen. Furen na ainihi yana ɓoye a ciki, bai wuce milimita 2 ko 3 ba, kuma ba shi da launin da zai ja hankali. Sai ka buɗe lulluɓin da bakin allura ka dubi 'yan ɓawo biyar ɗin da suka rungume shi. A nan shaidar take. Na argentea kowanne ya tanƙwaro a sama kamar hula, gefensa fari fes, da ɗan tsinke a ƙarshe. Na capitata kore ne gaba ɗaya, babu hula babu tsinke, kuma tsawonsu ba ɗaya ba, wasu sun fi wasu sosai. Akwai ta uku, kapela, wadda ita ma nata koraye ne amma kusan kansu ɗaya. Uku ke nan a yankin Bahar Rum da in ka hango su daga tsaye za ka rantse ɗan Juma ne da ɗan Jummai.

A gabashin Amurka kuwa rigimar ta gashi ce. Wasu nau'o'in dangin guda biyu, canadensis da fastigiata, duk suna rarrabuwa reshe biyu-biyu, duk na shekara ɗaya ne. Karan ta farko sumul yake, na ta biyun yana da gashi mitsi-mitsi wanda sai ka juya shi ga haske kake gani. Shi ke nan fa babban bambancin. Wace kyamara ce za ta kamo wannan daga nisan kamu biyu?

Na san wani zai ce, to me ya yi zafi, ciyawa ce fa, duk kanwar ja ce. Ban yarda ba. A Fulorida akwai Paronychia chartacea, mai tsirowa a farin rairayi, wadda gwamnatin Amurka ta sa cikin jerin tsirran da ke fuskantar barazana tun 1987. Masu bincike suna duba hotunan da jama'a ke ɗorawa don sanin inda tsiro ya rage. In kowa ya riƙa manna sunan da waya ta ba shi, za a ga taswira cike da abin da babu shi a ƙasa, ko kuma a wuce wanda ke nan ba a ƙirga shi ba. Ga kuma argentea da ake dafawa a sha a wasu ƙasashen Larabawa, inda suke kiranta ƙafar tattabara. Mai tsinko ta don sha ai ya fi kowa buƙatar sanin me ya tsinko.

Ba manhajar nake zagi ba. Ta kai abokina har ƙofar dangin, kuma wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Laifin namu ne da muke jin nauyin rubuta "Paronychia" kawai mu tsaya, kamar rashin cika sunan gazawa ce. Yanzu duk wanda ya turo mini hoto, abu uku nake nema kafin in buɗe baki: karan a kusa, furen a buɗe ƙarƙashin gilashi mai ninka girma sau 10, da inda aka same shi. Abokin nawa ya ce wandonsa biyu sun koɗe a gwiwa tun da ya fara wannan harka.