Ku bar batun Billy Mitchell, Funspot na Bob Lawton ne

Haba jama'a! Daga an sa hoton Funspot, gidan gem ɗin nan na Amurka, sai kowa ya taso da sunan ɗan wasan gem Billy Mitchell, wai a nan ya ci makin gem ɗin Pac-Man gaba ɗaya, 3,333,360, a 1999. To sannunku da bincike, malaman tarihi. Wa ya ajiye injin da ya buga? Wa ya riƙa biyan kuɗin wuta?

Bob Lawton ne. Yana ɗan shekara 21 a 1952 ya ranci dala 750 wajen kakarsa, ya buɗe ɗan wurin wasa a saman bene a Weirs Beach, bakin tafkin Winnipesaukee a jihar New Hampshire ta Amurka. A 1964 ya mayar da wurin inda yake yanzu, ya raɗa masa suna Funspot. Garin nan na 'yan hutu ne, kasuwarsa ta lokacin zafi ce. Sanyi na shigowa tafki ya daskare, baƙi su watse. A irin wannan gari mutumin ya riƙe gidan gem kusan shekara 70, har ya rasu a 2021 yana da shekara 90.

Wani ya ce min ai yanzu gidan gem na Galloping Ghost a jihar Illinois ya fi Funspot yawan injina. Sai me? Guinness, masu kundin bajintar duniya, sun ba Funspot kambun gidan gem mafi girma a 2008, in wani ya karɓe ya je ya ji daɗinsa. Ni daɗewa nake magana. Da Nintendo da PlayStation suka shiga ɗakunan mutane, gidajen gem suka yi ta rufewa, ana zubar da injina a bola. Shi bai zubar ba. Ya ƙara bolin (wasan gara ƙwallo a kayar da sanduna), ya ƙara bingo (wasan sa'a na lambobi), a 1998 kuma shi da ma'aikacinsa Gary Vincent suka ware wa tsofaffin injinan gidan tarihi, inda har yau za ka jefa kwabbai ka buga. Da ya sayar da su a lokacin, a ina zakaran naku zai kafa tarihin?

Abin na min ciwo wallahi. Mai wasan awa shida ya fi mai gidan suna.

Af, Lawton har ɗan majalisar jiha ya yi. Taken nan na "a rayu da 'yanci ko a mutu" da ke jikin lambar motocin New Hampshire, shi ya kai ƙudurin a sa shi a jikin lambar.