Kunnen makaɗi daban, kunnen mayen sauti daban

A Turai da Amurka da Japan akwai mutanen da za a iya kira mayun sauti. Mutum zai ware ɗaki guda a gidansa, ya zuba kuɗin mota a kan lasifika biyu da amfilifaya (na'urar ƙara ƙarfin sauti), har wayar da ke haɗa su sai ya tsaya ya zaɓa, don kawai ya ji waƙa tangaram kamar makaɗan na zaune a gabansa. Mutane kan ɗauka cewa mai irin wannan shauƙi makaɗi ne shi ma, ko kuma makaɗa ne suka fi kowa sayen kayan nan. Ni ban yarda ba.

Duk wanda ya taɓa zama kusa da makaɗi ana jin waƙa ya san inda hankalinsa ke tafiya. Yana lura da ko mai ganga ya shigo a kan lokaci, ko 'yan amshi sun ja da baya, ko muryar mawaƙi ta zame daga kari. Ko a ƙaramar rediyo zai gane wannan, domin kiɗan yana cikin kansa tun kafin ya fito daga na'ura. Mayen sauti kuwa kaurin amo yake bi, da tsabtarsa, da jin cewa mai goge na hagu mai jita na dama. In kuɗi suka shigo hannun makaɗi, kayan kiɗa zai fara saye. Ga kuma larurar sana'ar: shekaru a gaban lasifikar dandali na cinye ji. Pete Townshend, makaɗin jita na ƙungiyar kiɗan Birtaniya The Who, ya daɗe yana bayyana yadda ƙara ta illata masa kunne.

Hujjar da ta fi gamsar da ni tana cikin situdiyo. A 1978 kamfanin Yamaha ya fito da wata ƙaramar lasifika mai suna NS-10 don amfanin gida, masu neman daɗin sauti ba su karɓe ta ba. Injiniyoyin haɗa waƙa ne suka rungume ta, ta cika situdiyoyin duniya har aka daina ƙera ta a 2001. Dalilinsu shi ne ba ta rufa wa kuskure asiri. Waƙar da ta yi kyau a kanta za ta yi kyau a rediyon mota da ta kicin. Wato masu yin waƙar da kansu sun zaɓi abin da masu tsadar kunne suka ƙi.

Ba na musun akwai waɗanda suka haɗa biyun. Norio Ohga, wanda ya shugabanci Sony kuma ya tsaya wa faifan CD har ya fito a 1982, mawaƙin ofera ne da ya yi karatun waƙa. Mawaƙi Neil Young ya tsani matse sauti irin na MP3 har ya tara sama da dala miliyan 6 a shafin tara kuɗi na Kickstarter a 2014 don na'urarsa ta jin waƙa mai suna Pono, mai farashin dala 399. Amma kafin 2017 ta ƙare an rufe harkar. Tun a 2007 ma masu binciken sauti Brad Meyer da David Moran sun yi gwaji sama da sau 500, inda masu saurare, har da ƙwararru, suka kasa bambance sautin dijital da ake cewa ya fi na CD inganci da na CD ɗin kansa. Abin da suka dace da shi bai wuce canki-canka ba.

Abin da ya sa zancen ya dame ni shi ne yadda tsadar kaya ke neman zama ma'aunin sanin kiɗa. Mu nan mun san ba haka ba ne. Yawancin waɗanda suka haddace waƙoƙin Mamman Shata a kaset suka ji su ko a rediyo, da kukan tef da komai, kuma a cikinsu akwai dattijon da zai gaya maka abin da kalangu ke faɗa kafin mawaƙi ya buɗe baki. Ina girmama mai son sauti mai tsabta, kuma ina fata a samu masu wannan ƙwarewa su tsabtace mana tsofaffin kasakasan nan kafin tef ɗinsu ya gama lalacewa a cikin akwatuna.