Horon Aiki A Bankunan Landan: Buɗe Ƙofa Kaɗai Bai Wadatar Ba

A shekarar 2018, wani bincike da cibiyar New Financial ta gudanar ya gano cewa baƙaƙen fata 12 ne kacal ke riƙe da muƙamin manajan jarin jama'a a duk faɗin Birtaniya. Wannan adadi na cikin abin da ya zaburar da wasu ƙwararru huɗu, ciki har da Wol Kolade mai asali da Najeriya da Dawid Konotey-Ahulu mai asali da Ghana, suka kafa shirin 100 Black Interns, na samar wa ɗalibai baƙaƙen fata gurabe 100 na horon aiki, a 2020, bayan kisan George Floyd a Amurka. Kamfanoni sun yi rububin shiga, har aka faɗaɗa burin zuwa gurabe 10,000 cikin shekaru 5.

Ina goyon bayan shirin, domin duk wanda ya san yadda manyan bankuna ke ɗaukar ma'aikata ya san cewa horon sanin makamar aiki na lokacin hutun bazara shi ne ainihin jarrabawar, kuma daga cikin waɗanda suka yi shi ake zaɓar yawancin sababbin ma'aikata. Shekara da shekaru, masu uwa a gindin murhu ne ke fara jin labarin waɗannan gurabe, yayin da ɗan direban bas, komai kyawun sakamakonsa, ba shi da wanda zai gaya masa cewa ana rufe karɓar takardu watanni da yawa kafin bazara. Sharaɗin da shirin ya gindaya na biyan ɗalibi albashi yana da muhimmanci ƙwarai, ganin cewa ɗan talaka ba zai iya zaman makonni 6 a Landan yana aikin kyauta ba.

Masu suka na cewa ware gurabe bisa launin fata wariya ce, kuma ra'ayinsu ya ƙara ƙarfi tun bayan hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 2023 da ya haramta fifita ɗalibai bisa launin fata wajen ɗaukarsu a Jami'ar Harvard. Sai dai dokar daidaito ta Birtaniya ta 2010 ta halatta horo na musamman ga rukunin da wakilcinsa ya yi ƙaranci.

Abin da ya fi damuna shi ne bayan horon. Kamfani na iya ɗaukar hoto da ɗalibai, ya sallame su a watan Agusta, ya kuma rubuta a rahotonsa cewa ya cika alkawari. Ya kamata kowane kamfani ya riƙa wallafa adadin waɗanda ya ba aikin dindindin, da waɗanda suka samu ƙarin girma, da waɗanda suka ajiye aiki tun ba a je ko'ina ba.