Mai gandun da ya ƙi cin gumin talakawansa

Duk lokacin da aka tuna zaluncin masu ƙasa na da, sai ka ji wani ya ce ai zamanin ne ya zo da haka. Ban yarda da wannan uzuri ba, kuma rayuwar Pawel Brzostowski ce hujjata.

An haife shi a 1739 cikin gidan sarauta, a tarayyar Polan da Lituweniya. A ƙasar nan manomi ɗaure yake da gonar ubangidansa. Ba ya ƙaura sai da izini, yana noma gandun mai gida kwanaki da dama a kowane mako ba tare da ko sisi ba, kuma sai a 1768 ne doka ta karɓe wa masu ƙasa ikon yanke wa manomansu hukuncin kisa. A cikin wannan hali Brzostowski, wanda limamin coci ne a Vilnius, babban birnin Lituweniya, ya sayi wani gandu a bakin kogin Merkys a 1767, ya same shi kango, mutanensa cikin yunwa da jahilci.

A 1769 ya rubuta musu ƙa'ida. Ya soke aikin tilas, ya raba musu filaye su riƙa biyan haya da kuɗi, ya ba su 'yancin kansu. Ya buɗe makaranta, ya kawo likita. Abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne majalisar da ya kafa, inda manoman da jiya ba su da bakin magana suka zauna suna yanke shawarar garinsu. Har rundunar tsaro suka yi. Wurin ya yi suna da Jamhuriyar Paulava, kuma a 1791 majalisar ƙasa ta amince da ƙa'idarta.

Gandun bai talauce ba, bunƙasa ya yi. To ina hujjar maƙwabtansa? Sun ga abin da idonsu, tazarar Paulava da Vilnius ba ta kai tafiyar yini a kan doki ba. Mafi yawansu suka kau da kai domin aikin da ake yi musu kyauta ya fi musu daɗi.

Akwai inda nake ganin rauninsa, kuma ba zan ɓoye ba. 'Yancin ya rataya ne a wuyan mutum ɗaya. Da Rasha da Prusiya da Ostiriya suka gama raba ƙasar a 1795, Brzostowski ya riga ya sayar da gandun ga wani mai suna Fryderyk Moszynski, ya bar ƙasar, sannu a hankali tsarin ya dusashe a hannun waɗanda suka biyo baya. Manoman yankin sai da suka jira 1861 kafin sarkin Rasha ya soke bautar gona.

Shi kuwa Brzostowski ya dawo, ya ƙare rayuwarsa yana limancin wani ƙauye kusa da Vilnius, ya rasu a 1827. Kangon gidansa na nan tsaye a Lituweniya har yau.