A daina yanka kalmomin Ingilishi da wuƙar Faransanci

Kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya sanya Ingilishi cikin harsunan aiki a Nijar, kafaɗa da kafaɗa da Faransanci. To amma ɗalibin Yamai yana fara Ingilishi ne a ajin siziyam, wato ajin farko na sakandare, bayan ya shekara shida yana raba kalma bisa ƙa'idar Faransanci, ga kuma Hausa ko Zabarmanci a bakinsa. A ganina, malamin da bai ware lokaci ya koyar da gaɓar kalma ba, ya bar gyara a baya.

Gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙi biyu a jere, shi ya sa bread mai gaɓa ɗaya ta zama burodi mai uku. A Ingilishi kuwa, sautin wasali ake ƙirgawa, yawan haruffa ba ya cikin lissafi. Strength haruffa takwas ce, gaɓa ɗaya. A sa yaro ya ɗora bayan hannu ƙarƙashin haɓa ya furta a hankali. Duk saukar haɓa gaɓa ce. Nan zai ji cewa stopped ɗaya ce, wanted biyu, domin ed ba ta zama gaɓa sai ta biyo bayan sautin t ko d. Table kuma, wadda Bafaranshe ke furtawa a dunƙule, biyu ce a Ingilishi: ta-ble.

Wajen sa karan ɗori a ƙarshen layi, wasu ƙa'idojin ba su da wuya. Tagwayen baƙaƙe a raba su, kamar let-ter da hap-py. Amma sh, th da ch sauti ɗaya ne kowannensu, ba a tsaga su: fa-ther, teach-er. Ɗafa-goshi da ɗafa-ƙeya, wato ƙarin da ake liƙa wa farko ko ƙarshen kalma, su tsaya da kansu, kamar un-kind da wash-ing. Kalma mai gaɓa ɗaya ba a taɓa ta, ba a kuma barin harafi ɗaya tal a ƙarshen layi, don haka about ta sauka gaba ɗayanta.

Inda gizo ke saƙa shi ne baƙi ɗaya tsakanin wasula biyu. Faransanci yana tura baƙin gaba, sai yaro ya rubuta ri-ver da le-mon. Ingilishi yana duba wasalin farko: in dogo ne, a yanka bayansa, pa-per, in gajere ne, ya riƙe baƙin, riv-er, lem-on. Wani lokaci ma aikin kalmar ne ke yanke hukunci: pres-ent kyauta ce, pre-sent gabatarwa. Wanda bai iya furucin ba, ba yadda zai yi ya dace.

Wasu za su ce kwamfuta ta ɗauke mana wannan wahala. Ta ɗauke, in an gaya mata harshen. Manhajar rubutu ta Word da ke shagunan buga takardu galibi a Faransanci aka saita ta, kuma da ƙa'idar harshen da aka saita take yanka kalma. A zaɓi rubutun duka, a mayar da harshensa Ingilishi, sannan a kunna raba kalmomi.

Abin da ya shige duhu, a buɗe ƙamus. Merriam-Webster yana nuna wurin yanka da ɗigo a tsakiyar kalma. Sai dai Ingila da Amurka kan saɓa: know-ledge a Ingila, knowl-edge a Amurka. Mai gyaran takardun jarrabawa ya karɓi kowanne, muddin ɗalibi bai gauraya su a takarda ɗaya ba.