Jini ba ya karanta takardar da aka saya

Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan'uwa.

A wani zaman neman aure da aka yi kwanan nan, da aka zo kan maganar gwajin jini na sikila, sai na ji kawun saurayin ya rage murya ya ce wa waliyyin yarinyar: "Alhaji, kada wannan ya dame ka, akwai yaron da zai fito mana da takardar AA kafin Juma'a." AA ita ce shaidar cewa mutum bai gaji sikila ba. Saurayin kuwa AS ne, yarinyar ma AS ce, wato kowannensu ya gaji sikila daga ɓangare ɗaya na iyayensa, amma dattawan da ke wurin suka gyaɗa kai kamar an kawo shawarar alheri. Tun ranar maganar take ci mini rai.

Ina roƙon mai shirin sayen irin wannan takarda ya tsaya ya dubi abin da Allah Ya rubuta a jikinsa. A cibiyar ƙwayar halittar mutum akwai kuromosom 46, 23 daga uba, 23 daga uwa, kuma a cikinsu ne DNA, wato rubutun umarnin ginin jiki, take naɗe, an rubuta ta da haruffa huɗu kacal, A da T da G da C, har kimanin biliyan uku daga kowane ɓangare. Duk lokacin da ƙwaya za ta rabu biyu, sai igiyoyin DNA guda biyu su warware, kowace ta zama abin kwaikwayo, A ta kama T, G ta kama C, har a sami kwafi biyu iri ɗaya. Sinadarin da ke wannan aiki yana komawa baya ya gyara harafin da ya saka ba daidai ba, shi ya sa kuskuren da ke tsira bai fi kimanin ɗaya cikin haruffa biliyan ba. Abin da iyaye suka zuba a ƙwayar farko a cikin mahaifa, shi za a yi ta kwafewa da aminci har ranar da za a kai ɗan nan kabari.

DNA ba ta barin cibiya. Kamar yadda almajiri yake ɗaukar karatun yini a allo ya bar littafi a hannun malam, haka wata mai kama da ita da ake kira RNA take kwafo sashen da ake buƙata ta kai shi wurin ribosom, wato maƙerar furotin a cikin ƙwaya, inda ake karanta haruffan uku-uku, wata ƙaramar RNA kuma tana kawo amino asid, wato tubalin furotin, wanda ya dace da kowane uku, ana jera su har furotin ya haɗu. Ta haka ake ƙera himogulobin, wato furotin ɗin da ke ɗaukar iskar oksijin a jini, a cikin ɓargo. Ɗaya daga cikin sarƙoƙinsa tana da amino asid 146, umarninta yana kan kuromosom na 11, kuma a gurbi na shida an rubuta GAG. A mai sikila harafin tsakiya ne kawai ya sauya, ya zama GTG, sai amino asid ɗin da ake kira balin ya zauna a mazaunin wanda ake kira gulutamik asid. Vernon Ingram ne ya gano wannan musanya a Kambirij ta Ingila a shekarun 1956 da 1957.

Harafi ɗaya ne, amma ku je ɗakin yara a asibiti lokacin hunturu ku ga aikinsa. Idan oksijin ya ragu, himogulobin ɗin yana mannewa da juna, ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje ta toshe ƙananan jijiyoyi, kuma maimakon ta yi kwana 120 sai ta mutu cikin kwana 10 zuwa 20. Za ku ga jaririn da bai shekara ba, hannuwansa da ƙafafuwansa sun kumbura, ko taɓa shi aka yi sai ya canyara ihu, uwarsa tana tsaye ta rasa inda za ta riƙe shi. Za ku ga uba yana yawo da takardar neman leda ɗaya ta jini da tsakar dare. Ana ƙiyasta cewa jarirai kusan 150,000 ake haifa da wannan ciwo kowace shekara a Najeriya.

Ku ji tsoron Allah, iyaye. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, wato ciwon sikila, kuma lissafin yana sabuntuwa ne da kowane ciki, lafiyar ɗan fari ba ta kare na biyu. Jihar Kano ta kafa dokar gwaji kafin aure a 2024, sai wasu suka mayar da ita kasuwa. Za a iya ruɗin liman da takarda, za a iya ruɗin waliyyi, amma ribosom abin da ke cikin RNA yake karantawa. Ku da kuke cewa tawakkali kuka yi, kun fi kowa sanin an umarci mai raƙumi ya ɗaure shi tukuna, kun kuma san abin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya faɗa game da mai algus. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, idan ciwon ya bayyana, matar ake nunawa da yatsa a ce ita ta kawo shi gida, ko a ɗora wa kishiya da mayu, alhali rabin rubutun daga mijin ya zo.

'Yan'uwana masu fama da sikila, ba ku da laifin komai, Allah Ya ba ku lafiya Ya sa kankarar zunubi ne. Samari da 'yan mata kuma, na san rabuwa da wanda ake so akwai ɗaci, shi ya sa nake roƙon a yi gwajin tun kafin zance ya yi nisa, kafin kuɗin gaisuwa, kafin lefe. Waliyyi ya raka su da ƙafarsa zuwa wurin gwajin da ya amince da shi, ya karɓi sakamakon da hannunsa, idan ya yi shakka a maimaita a wani wuri. Kai kuma ma'aikacin ɗakin gwaji da ake miƙo wa kuɗi don ka rubuta AA, don girman Allah ka mayar musu da kuɗinsu.